"Ai Kowa Na Gani": Tambayoyi da Amsoshi Kan Ɗora Bayanan Wani a Intanet

Duk lokacin da aka yi wa mutum magana don ya ɗora hoton motar wani, ko ƙofar gidansa, ko lambar wayarsa a Facebook ko a zauren WhatsApp, kusan amsa ɗaya ake ji: "To ai ba sirri ba ne, kowa na gani." Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take da wuyar turewa. Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi mini a kan batun, na amsa su da abin da doka ta tanada, da yadda na'urorin suke aiki, da kuma tarbiyyar rufin asiri da muka taso muka tarar.

Idan abu yana fili kowa na ganinsa, ina laifin ɗora shi a intanet?

Mu fara da tambayar kanmu: su wane ne "kowa"? Gidan Malam wane, mai shagon kusurwa ya san shi, ɗan garuwan da ke kai ruwa ya san shi, almajirin gidan ya san shi, abokan sallarsa sun san shi. Amma shi ma ya san su. Suna haɗa ido da shi kullum, akwai kunya a tsakani, akwai mai unguwa da za a kai ƙara idan wani ya wuce gona da iri. Baƙon da ya bi ta layin sau ɗaya kuwa, kafin ya kai bakin titi ya manta launin ƙyauren.

Da zarar ka ɗauki hoton gidan nan ka rubuta sunan mai shi ka ɗora, ka sauya masu ganin. Yanzu wanda ke da ƙullin gaba da shi a wani gari zai gani, tsohon mijin 'yarsa zai gani, ɗan damfara zai gani, kuma babu ɗayansu da zai haɗa ido da shi. Intanet ba ta mantuwa, kuma ana iya bincika suna a samu abin bayan shekara biyar kamar yau aka ɗora. A gidan Bahaushe ƙofa a buɗe take wuni guda, amma baƙo a zaure yake tsayawa ya yi sallama. Buɗewar ƙofa ba ta taɓa zama izinin shiga ba.

Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya daɗe yana riƙe da wannan hujja ta "ai a fili yake". Dokarsa ta hana ɗora adireshin gidan wani, amma ta yi togaciya idan adireshin ya riga ya fita a bainar jama'a. A Fabrairun 2022 kwamitin da ke sa ido kan hukunce-hukuncen kamfanin ya ba shi shawarar ya cire togaciyar, a Afrilun shekarar kuma Meta ya amince.

Wane lahani ɗan ƙaramin bayani zai yi? Suna ne kawai da unguwa.

Lahanin ba a guda ɗaya yake ba, a haɗuwarsu yake. A 1997 wata mai bincike a Amurka, Latanya Sweeney, ta sayi rajistar masu zaɓe ta birnin Cambridge a kan dala 20, ta gwama ta da bayanan asibiti da aka fitar bayan an goge sunaye, ta zaƙulo takardun jinyar gwamnan jihar Massachusetts na lokacin, William Weld. Daga baya ta ƙiyasta cewa kashi 87 cikin ɗari na Amurkawa ana iya ware kowannensu shi kaɗai da abu uku kacal: ranar haihuwa, jinsi, da lambar gidan waya ta yankinsa. Babu ɗaya cikin ukun da mutum yake ɗauka sirri.

Mu a nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Kowa ya san masu garkuwa da mutane ba sa aiki sai da masu tsegunta musu: wane ne ya sayar da hatsi, wace mota yake hawa, yaushe yake bin hanya, ina 'ya'yansa suke karatu. Wani ya ɗora hoton sabuwar motar Alhaji yana taya shi murna, wani ya ɗora katin ɗaurin auren 'yarsa mai ɗauke da adireshi da lambobin waya uku, wata ta ɗora yaran cikin kayan makaranta da tambari a ƙirji. Dukkansu da kyakkyawar niyya suka yi. Wanda ya zauna ya tattara su kuwa, ya samu abin da a da sai ya biya ɗan leƙen asiri kafin ya samu.

Lambar mota fa? Ai don a gan ta aka manna ta.

An manna ta ne don jami'an hanya da 'yan sanda su gane motar, da kuma wanda aka yi wa ɓarna ya samu abin kai wa hukuma. A 1989 an kashe wata 'yar fim mai shekara 21, Rebecca Schaeffer, a ƙofar gidanta a Los Angeles. Wanda ya kashe ta ya samu adireshinta ne ta hannun wani mai bincike da ya ɗauko shi daga ofishin rajistar motoci na Kalifoniya, wanda a lokacin bayanansa a buɗe suke. Wannan na cikin dalilan da suka sa Amurka ta yi dokar kare bayanan direbobi a 1994. Google ma a taswirarsa mai nuna tituna yana dusashe fuskoki da lambobin mota, duk da cewa a kan titi ya ɗauke su.

A Najeriya haruffa ukun farko na lambar suna nuna ƙaramar hukumar da aka yi rajista, don haka tun daga nan an rage wa mai nema aiki. Sannan akwai matsalar da duk wanda ya san kasuwar mota ya sani: mota takan sauya hannu sau biyu, sau uku, takardu na nan da sunan mai ita na farko. Ga direba, ga ɗan gida, ga makanike da ya fita gwaji. Lamba mota take nunawa, ba wanda ke riƙe da sitiyari ba.

Lambar waya da lambar asusun banki? Mai ita ma yana bayarwa.

Yana bayarwa ga wanda ya zaɓa. Lambar waya a yau maɓalli ce: an haɗa ta da lambar NIN, ita ke karɓar lambobin sirrin da banki ke turowa, da ita ake buɗe WhatsApp a ga hoton mutum, kuma manhaja irin Truecaller tana fito da sunan da wasu suka ajiye ta da shi. Lambar asusu kuwa, ana sa ta a manhajar banki cikakken sunan mai ita ke fitowa. A bankunan waya irin su OPay, lambar asusun galibi ita ce lambar wayar mutum aka cire sifirin farko, wato wanda ya ɗora ɗaya ya ɗora biyu ke nan.

Inda abin ya fi ba ni tausayi shi ne neman taimako. A ɗora hoton mara lafiya, da sunan asibiti, da lambar asusun matarsa. Washegari a kira ta, a ambaci cikakken sunanta da na mijin, a ce daga banki ne, kuɗi masu yawa sun maƙale, ta karanto lambar da ta shigo wayarta. Mace tana jinya, ba ta yi barci ba, mai kiran kuma ya san komai. Idan za a yi gidauniya, a nemi yardar iyalin tukuna, a yi amfani da asusun wanda ya san dawar garin, a kuma cire sanarwar da zarar buƙata ta biya.

Na tsinci katin ɗan ƙasa ko katin ATM. In ban ɗora ba ta yaya mai shi zai gani?

Cigiya alheri ce, kada a fasa. Amma a rufe lambar NIN, da ranar haihuwa, da adireshi, da duk wani zanen da na'ura ke karantawa. Suna da wurin da aka tsinta sun isa. Mai abu zai faɗi sauran da bakinsa, kuma da haka ne ma za ka tabbatar nasa ne. Katin ATM kada a ɗora hotonsa sam, gaba ko baya, a miƙa shi ga reshen bankin. Haka fasfo da takardar sakamakon jarrabawa: a kai ofishin 'yan sanda, ko gidan rediyo, ko wurin mai unguwa.

Mutum ya damfare ni, ko ya bangaji wani ya gudu. Ba zan tona shi jama'a su kiyaye ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi, kuma ba na raina zafin da ke bayanta. Wanda aka cinye wa jari, ya je ofis an ce ya dawo gobe, ya dawo an ce jibi, wayarsa ce kaɗai makamin da ya rage masa. Amma makami ne da ba ya tantance wanda zai sara.

Na ga haka da idona. Wata rana da yamma wata mota ta ture yaro a kan keke a bakin layinmu ta wuce. Kafin isha hoton wata farar mota ya zagaye zaurukan unguwa, lamba ɓaro-ɓaro, an rubuta "ga azzalumin". Wani ya ce ya san gidan, ya turo kwatance. Da muka fito daga masallaci samari sun riga sun taru a ƙofar wani dattijo, yana tsaye da buta a hannu bai san hawa ba bai san sauka ba, jikarsa ta riƙe gefen rigarsa tana kuka. Motarsa kwana huɗu tana jingine babu batir. Wanda ya ɗauki hoton ya ga fara ce kawai irin waccan. Liman ne ya shiga tsakani aka watse. An goge hoton a zaure ɗaya, amma ya riga ya tsallaka wasu, har makonni bayan nan ana nuna dattijon da baki a kasuwa.

Ba mu kaɗai ba ne. Bayan harin bam na gasar gudun Boston a Afrilun 2013, masu amfani da shafin Reddit sun duƙufa nazarin hotuna, suka ɗora zargi a kan wani ɗalibin jami'ar Brown da iyalinsa ke cigiyarsa tun wata guda kafin harin. Aka addabi iyalin da kira da zagi. Ba shi da hannu ko kaɗan, kwanaki kaɗan bayan haka aka tsinci gawarsa a kogi, kuma hukumomin shafin suka fito suka nemi afuwa.

A damfara ma haka ne: 'yan damfara ba kasafai suke amfani da nasu ba. Hoton da ke kan shafin na wani bawan Allah ne aka sata, layin an yi masa rajista da sunan wani, asusun na wani yaro ne da aka ba dubu biyu ya buɗe. Abin da ya fi amfani shi ne ka sanar da bankinka nan take, domin saurin kai rahoto ne ke ba da damar a riƙe kuɗin, sannan ka kai hujjojinka ga 'yan sanda ko EFCC. Idan gargaɗi kake son yi wa jama'a, bayyana salon damfarar dalla-dalla. Salon ne zai ceci na gaba, domin gobe da wani suna za su zo.

Wanda ya ci bashina ya ƙi biya fa?

Bashi hakki ne, a bi shi ta hannun manya, ko kotu. Mun ga abin da kamfanonin ba da rance ta waya suka yi: su kwashe lambobin da ke wayar mutum, su tura wa surukansa da abokan aikinsa hotonsa da sunan ɓarawo. A Agustan 2021 hukumar NITDA mai kula da fasahar sadarwa ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 a kan keta sirrin masu cin bashi. Abin da muka ƙyamata daga kamfani bai zama halal don mutum ɗaya ne ya yi ba.

Me doka ta ce?

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya lamunce wa 'yan ƙasa sirrin kansu, da gidajensu, da wasiƙunsu, da hirarsu ta waya. A Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ɗauki duk bayanin da za a iya gane mutum da shi a matsayin bayanin da ake karewa, ba ta ce sai wanda yake ɓoye ba. Ta ba mutum damar ya nemi a goge bayanansa ko ya kai koke ga hukumar, kuma tarar manyan masu riƙe da bayanai takan kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ta sassauta wa wanda ke amfani da bayanai don harkar kansa ko ta gidansa, amma da sharaɗin kada ya keta hakkin sirrin wani.

Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 yana hukunta saƙonnin barazana da tsangwama. An sha sukar sashen saboda yadda aka riƙa kama 'yan jarida da shi, har aka yi masa gyara a 2024. A jihohin arewa kuma sashe na 391 na dokar final kod, wato kundin hukunta laifuka, ya yi magana a kan ɓata suna. Nijar ta yi dokar kare bayanai a 2017, tana da hukumar HAPDP da ke kula da ita. Ghana ta yi tata tun 2012.

Amma abin da na ɗora gaskiya ne, ban yi ƙarya ba.

Tun muna allo aka koya mana bambancin giba da ƙazafi: idan abin da ka faɗa a bayan ɗan'uwanka yana tare da shi, kuma ba ya so a faɗa, giba ka yi, idan babu shi, ƙazafi ne. Wato gaskiyar magana ba ta wanke mai yaɗa ta. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin sirrin mutane, ta kuma umarci a tantance labari kafin a afka wa waɗanda ba su ji ba su gani ba. Malamai sun yi togaciya ga wanda aka zalunta, amma sun fi ɗaure ta da kai ƙara wurin mai ikon share masa hawaye, da gargaɗi gwargwadon buƙata. Jama'a dubu goma da ke zaure ba alƙalai ba ne.

Shugabanni da 'yan siyasa fa? Su ma a rufa musu?

Aikinsu na jama'a ne, a baje shi a faifai: kwangilar da aka bayar ba a yi ba, kasafin da ya salwanta, alkawarin da aka saɓa, lambar ofis da aka tanada don koke. Babu mai hana wannan, kuma ina ganin ma ba ma yin sa yadda ya kamata. Makarantar 'ya'yansa, lambar matarsa, gidan mahaifiyarsa a ƙauye kuwa, ba su aka zaɓa ba.

Shi da kansa ya ɗora a shafinsa, ni kwafowa kawai na yi.

Ya ɗora wa abokansa ɗari biyu, ko 'yan zauren danginsu. Amarya ta sa hoton lallenta a sitatus don ƙawayenta, wani ya ɗauke ya kai shafin da ke da mabiya dubu ɗari biyar, maza suna tafka sharhi a kan jikinta. Ba za a ce ta yarda da wannan ba. Maganar da aka yi a zauren WhatsApp ma amana ce ta majalisa. Idan dole sai ka nuna wa wani, goge sunaye da lambobin sauran mutanen da suka bayyana a hoton.

Yara, marasa lafiya, da masu karɓar sadaka?

Nan ne ya kamata a fi taka-tsantsan, domin su ne ba sa iya cewa a'a. Bazawarar da aka miƙa wa buhun shinkafa aka ce ta kalli kyamara, yunwa ce ta amsa, ba ita ba, kuma 'ya'yanta za su je makaranta gobe abokansu sun gani. Idan masu ba da tallafi suna buƙatar shaida, a ɗauki kayan, a ɗauki hannu, a tura musu su kaɗai. Yaron da ake zargi da sata ko yarinyar da aka ci zarafinta, ɗora fuskarsu tabo ne da zai bi su har aure. Yaron da ya ɓata a yi cigiyarsa da hoto, da sanin iyayensa, a cire idan an gan shi.

Sai hatsarin mota. Ina roƙon duk mai karanta wannan, don Allah, kada uwa ta fara jin rasuwar ɗanta daga hoton gawarsa a zaure. Muna da yadda muke kai labarin mutuwa: a samu dattijo, a je gida, a zauna, a fara da addu'a.

Tsohon labari da jarida ta taɓa bugawa, shi ma da matsala?

Yana iya zama. A 1998 jaridar La Vanguardia ta Sifaniya ta buga sanarwar gwanjon kadarar wani mutum saboda bashi. Ya biya, shekaru suka shuɗe, amma duk wanda ya nemi sunansa a Google sanarwar ce ke fitowa. A Mayun 2014 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci cewa mutum yana da damar neman a cire irin wannan daga sakamakon binciken sunansa, duk da cewa an buga shi bisa ƙa'ida kuma jaridar ba ta goge nata ba.

An ɗora bayanaina ba da yardata ba. Me zan yi?

Kafin komai ka adana hujja: ɗauki hoton abin da aka ɗora, da sunan shafin, da rana da lokaci, domin ana iya gogewa a musanta. Kada ka shiga cacar baki a ƙarƙashinsa, kowane martani ƙara tura shi gaba yake yi. Idan wanda ya ɗora sananne ne, sau da yawa kiran waya ɗaya daga babban da yake jin nauyinsa ya fi komai sauri. Idan a zaure ne, a yi wa mai kula da zauren magana ya goge ya kuma sanar da gyara. Facebook, Instagram, TikTok da X duk suna da wurin kai rahoton keta sirri, kuma tun 2022 Google yana karɓar buƙatar cire lambar waya da adireshin gida daga sakamakon bincike.

Idan lambar asusu ko katin banki ne ya fita, kira bankinka, ka sauya lambobin sirri, ka kunna matakin tsaro na biyu a WhatsApp, ka kuma faɗa wa iyalinka kada su karanta wa kowa lambar da ta shigo wayarsu. Idan kamfani ko wata cibiya ce ta fitar, rubuta musu takarda, in sun yi biris ka kai koke ga NDPC. Idan kuwa an haɗa adireshinka da barazana ko zargin da zai iya tunzura jama'a, kada ka jira gari ya waye: sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa da mai unguwa, ka kai iyali gidan 'yan'uwa su kwana har ƙura ta lafa.